Bayan Ruwa Ya Janye: Darasin New Orleans Ga Gidauniyoyinmu Na Taimako

Duk lokacin da wani bala'i ya auka wa al'umma, ko ambaliya ce ko gobara ko guguwa, akwai wasu kalmomi da kan cika bakunan mutane da shafukan jaridu: agaji, ɗauki, gudummawa. Kasancewar nazarin harshe ne sana'ata, na daɗe da lura cewa dukkan waɗannan kalmomi suna ɗauke da gaggawa. Wanda ruwa ya ci ƙarfinsa shi ke kururuwar a kawo agaji, ɗauki kuwa a guje ake kai shi, ita ma gudummawa in ka saurare ta da kyau da gudu ta fara. Muna da wadatar kalmomi na ranar farko da makon farko, amma idan aka zo batun abin da ya kamata a yi wa mutanen nan a shekara ta uku ko ta bakwai, sai mun haɗa jimla guda kafin a fahimce mu. Ban ce harshe ne ya jawo mana matsalar ba, sai dai harshe yakan tona inda hankalin masu shi ya fi karkata, kuma namu ya karkata ne ga buhun shinkafa da tabarma da bargon da ake rabawa a gaban kyamara.

Alhali kuwa wanda gidansa ya rushe, jarinsa ya bi ruwa, makarantar 'ya'yansa ta zama kango, wahalarsa ta gaskiya tana farawa ne bayan manyan baƙi sun koma gida. Wannan ya sa nake son mu duba abin da ya faru a birnin New Orleans na ƙasar Amurka, inda gidauniyoyin taimako suka gwada hanyoyi biyu, wasu suka haɗa kai da juna da kuma mutanen gari, wasu suka yi gaban kansu. Shekaru 20 sun shuɗe, kuma yanzu ana iya auna sakamakon kowace hanya ba tare da zato ba.

A ranar 29 ga Agusta, 2005, mahaukaciyar guguwar nan da aka laƙaba wa suna Katrina ta faɗa wa gaɓar tekun kudancin Amurka. Katangun tare ruwa da rundunar injiniyoyin sojan ƙasar ta gina kewaye da New Orleans suka ɓalle a wurare da dama, ruwa ya shanye kimanin kashi 80 cikin 100 na birnin, ya kuma kwanta na makonni. Sama da mutum 1,300 ne suka rasa rayukansu a yankin baki ɗaya. Birnin da ƙidayar shekarar 2000 ta nuna yana da mutum 484,674, kusan kashi biyu cikin uku baƙar fata, ya wayi gari kusan fanko, mazaunansa sun warwatsu zuwa Houston da Atlanta da Dallas da Baton Rouge da sauran garuruwa. Kuɗin agaji ya kwararo kamar yadda aka saba. Tambayar da ta gagari kowa amsawa ita ce: wace unguwa za a sake ginawa, wace za a bari, kuma wa ke da ikon yanke wannan hukunci?

Magajin garin na lokacin, Ray Nagin, ya kafa wani kwamiti na manyan mutane da ƙwararru. A watan Janairun 2006 kwamitin ya fitar da rahotonsa, jaridar Times-Picayune kuma ta buga wata taswira a shafinta na farko ɗauke da da'irori kore-kore a kan wasu unguwanni masu kwari, alamar cewa ana iya mayar da su wuraren shaƙatawa da matattarar ruwa. An ba mazauna unguwannin da ruwa ya fi yi wa ɓarna wata huɗu su tabbatar da cewa unguwarsu za ta iya rayuwa. Mai karatu ya ƙaddara yana gudun hijira a wani gari mai nisa, sai ya buɗe jarida ya tarar an shafa koren fenti a kan gidan da ya gada daga kakansa, ba tare da an ko tuntuɓe shi ba. Mutane suka harzuƙa, magajin gari ya janye jikinsa daga shawarar. Majalisar birni ta ɗauko nata masu tsarin dabam, waɗanda suka taƙaita aikinsu ga unguwannin da ambaliya ta shafa. Ita kuma hukumar da Jihar Louisiana ta kafa domin farfaɗo da yankin ta ce ba za ta saki kuɗin gwamnatin tarayya na sake gina birnin ba sai an kawo mata tsari guda da ya game ko'ina. Kuɗin yin tsarin kuwa babu shi, domin baitulmalin birnin ya ƙafe. Aka shiga halin gaba kura baya sayaki.

A nan ne gidauniyoyi uku suka yi abin da ban taɓa jin wani attajiri ya yi alfahari da shi ba, wato suka haɗa kuɗi domin a biya kuɗin zaman shawara. Gidauniyar Rockefeller, a ƙarƙashin shugabarta Judith Rodin, ta ba da dala miliyan 3.5 a shekarar 2006. Gidauniyar Birnin New Orleans da Kewaye, wadda ta 'yan gari ce, ta ƙara miliyan 1, sannan asusun Katrina da tsofaffin shugabannin ƙasa George Bush babba da Bill Clinton suka jagoranta ya ƙara miliyan 1. Abin lura shi ne, Rockefeller da ta fi kowa zuba kuɗi ba ta riƙe ragamar aikin daga ofishinta na New York ba. An damƙa kuɗin ne a hannun gidauniyar 'yan gari, aka raba birnin zuwa gundumomi 13, mazauna kowace gunduma suka sa baki wajen zaɓen ƙwararrun da za su yi aiki da su. Sunan da aka ba aikin shi ne Haɗaɗɗen Tsarin New Orleans.

Kada a ɗauka komai ya tafi salin-alin. Babban taron farko da aka kira a watan Oktoban 2006 ya zama abin kunya, domin 'yan ɗaruruwa ne suka halarta, kuma kimanin kashi 75 cikin 100 nasu fararen fata ne, da yawansu masu hali, a birnin da baƙar fata suka fi rinjaye. Dalili a bayyane yake: talakan da ke rakuɓe a Houston ba shi da kuɗin motar zuwa taro. Maimakon a rufe ido a ce ai an yi taro, sai masu ba da kuɗin suka amince an yi kuskure, aka ƙaro kuɗi, aka gayyato wata ƙungiya mai suna AmericaSpeaks da ta ƙware wajen shirya tarukan jama'a. A ranar 2 ga Disamba, 2006, aka sake zama. A wannan karon an bi mutanen ne har inda suke: kimanin mutum 2,500 suka zauna a lokaci guda a New Orleans da Houston da Dallas da Atlanta da Baton Rouge, an haɗa zaurukan da na'urorin sadarwa suna ganin juna, an tanadi mota da abinci da masu kula da yara da tafintoci, kowa kuma yana kaɗa ƙuri'arsa da wata 'yar na'ura da ke hannunsa. Akasarin mahalarta baƙar fata ne, kamar yadda birnin yake kafin ambaliya. An yi zama na uku a Janairun 2007, kuma a watan Yunin shekarar hukumar jiha ta karɓi tsarin, ta saki dala miliyan 117 a karon farko, kuɗin da daga baya ya kai miliyan 411.

To, a yi lissafi. Dala miliyan 5.5 da gidauniyoyi uku suka fara haɗawa, da a ce kowace ta kashe nata a kan barguna da katan-katan na abinci, da tuni an manta da shi kafin ƙarshen shekara. Da suka haɗa shi wuri guda, sai ya zama mabuɗin da ya buɗe ƙofar ɗaruruwan miliyoyin da suka maƙale. Wannan shi ne darasi na farko. Dukiyar gidauniya, komai yawanta, ba ta kai ta gina birni ba. Tsarin da aka fitar ya ƙiyasta cewa ana buƙatar kimanin dala biliyan 14. Amfanin kuɗin gidauniya shi ne yana da sauri, ba ya jiran majalisa, kuma yana iya shiga gurbin da kuɗin gwamnati ba ya shiga.

Haɗin kan bai tsaya a nan ba. A shekarar 2007 gidauniyoyi kimanin 20, na cikin gari da na ƙasa baki ɗaya, suka kafa wani asusu guda a ƙarƙashin gidauniyar 'yan garin, da burin tara dala miliyan 25 a kashe cikin shekara 5 a kan harkar gidaje. Hikimar irin wannan asusu ita ce, ƙaramar ƙungiyar unguwa da ke son gyara gidaje ba sai ta rubuta takardar neman tallafi kala 20 ta kuma rubuta rahoto kala 20 ba. Ƙofa ɗaya za ta ƙwanƙwasa. Su ma masu bayarwa suna zama a teburi guda, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya ɗauki nauyi, ba a tara rijiya uku a unguwa ɗaya a bar wata da ƙishirwa. Haka kuma wata cibiyar tattara bayanai ta birnin, wadda ke rayuwa da tallafin gidauniyoyi, ta haɗa gwiwa da cibiyar Brookings suna fitar da alƙaluma a kai a kai. Da yake ba a san adadin waɗanda suka dawo ba, sai aka riƙa ƙirga gidajen da ma'aikatan gidan waya ke kai wa wasiƙa, ta haka ake gane unguwar da ke farfaɗowa da wadda aka bari a baya. Babu wanda zai sa hular girma ya je buɗe irin wannan aiki, amma in babu shi kowa lalube yake yi a cikin duhu.

Akwai kuma wata matsala da Bahaushe zai gane nan take, wato ta gado. Dubban iyalai, musamman baƙar fata, suna zaune ne a gidajen da suka gada kaka da kakanni ba tare da an sauya sunan da ke kan takardar mallaka ba. Da aka zo biyan diyya, sai aka ce kowa ya kawo takarda da sunansa. Ƙungiyoyin lauyoyi na sa-kai, irin su Louisiana Appleseed, su suka duƙufa a kan wannan, har aka sassauta dokar jihar a 2009 ta yadda magada masu ƙaramin gado za su iya tabbatar da haƙƙinsu da takardar rantsuwa maimakon doguwar shari'a. Shi kansa babban shirin gwamnati na biyan masu gidaje, mai suna Road Home, ya zo da nasa zaluncin, domin yana auna diyya ne da darajar gida kafin guguwa. Gida iri ɗaya, ɓarna iri ɗaya, kuɗin katako da siminti iri ɗaya, amma na unguwar talakawa ya samu kaɗan saboda gidajen unguwarsu ba su da tsada a kasuwa. Ƙungiyoyin kare haƙƙi suka kai ƙara a 2008, aka sasanta a 2011. Ka ga ke nan shekara shida bayan ruwa ya janye ana nan ana fafatawa, kuma ƙungiyar da tallafinta ya ƙare a wata shida ba za ta ga wannan rana ba.

Unguwar Broadmoor na cikin waɗanda aka ɗora wa koriyar da'ira. Mazaunanta, a ƙarƙashin ƙungiyarsu da LaToya Cantrell ke jagoranta, wadda daga baya ta zama magajiyar birnin a 2018, sun ƙi jiran kowa. Suka bi sawun maƙwabtansu ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta tsarin kansu, sannan suka nemi abokan tafiya a kan abin da suka riga suka tsara: ɗalibai da malaman Jami'ar Harvard suka taimaka da bincike, Gidauniyar Carnegie ta ba da dala miliyan 2 domin ɗakin karatun unguwar, wanda aka sake buɗewa a 2012. Wannan ya tuna mini da aikin gayya. Mai gona shi ke kiran gayya, shi ke nuna inda za a fara da inda za a tsaya, waɗanda suka zo kuwa ƙarfinsu suke kawowa, babu mai zuwa ya ce shi gero yake so a shuka a inda mai gona ya yi niyyar dawa.

Yanzu sai mu juya ga ɗaya hanyar. A shekarar 2007 fitaccen ɗan wasan fim Brad Pitt ya kafa gidauniyar Make It Right domin gina gidaje 150 a unguwar Lower Ninth Ward, wadda ta fi kowace unguwa shan wuya. Babu mai shakkar kyakkyawar niyyarsa. An gayyato mashahuran masu zanen gine-gine na duniya, aka gina gidaje 109 masu ban sha'awa, 'yan yawon buɗe ido suka riƙa zuwa ɗaukar hoto. Amma wasu daga cikin zane-zanen da kayan ginin ba su dace da garin da ke da yawan ruwan sama da laima ba. Cikin 'yan shekaru katako ya fara ruɓewa, rufi na yoyo, har aka rushe wasu gidajen. Masu gidajen, waɗanda saya suka yi da bashin banki, suka kai ƙara a 2018. A 2022 aka sanar da sasantawa a kan dala miliyan 20.5, amma a 2023 rahotanni suka nuna kuɗin bai shiga hannunsu ba. Gidauniya ce guda da ta dogara da sunan mutum guda, kuma da al'amura suka dagule babu wasu abokan tafiya da za su ɗauki kayan. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga shi kuwa an gani.

Adalci ya wajabta in faɗi cewa ita ma hanyar haɗin kan ba ta warkar da komai ba. Ƙidayar 2010 ta samu mutum 343,829 a birnin, ta 2020 kuma 383,997, wato har a lokacin da saura mutum dubu 100 a cike giɓin, kuma mafi yawan waɗanda ba su dawo ba baƙar fata ne. Lower Ninth Ward da ke da mutum kimanin 14,000 a shekarar 2000, ba ta kai 3,000 ba a 2010. Masu suka sun ce tsarin da aka haɗa ya kauce wa tambaya mafi zafi, wato ko akwai wuraren da komawa cikinsu ganganci ne, ya bar kowa ya yi yadda ya ga dama. Wasu kuma na ganin unguwannin da ke da 'yan boko masu iya rubuta takardar neman tallafi su suka fi cin moriyar gidauniyoyi. Akwai ƙamshin gaskiya a duka biyun. Abin da haɗin kan ya samar shi ne tsarin da mutane suka yarda nasu ne, da cibiyoyin cikin gari da suka ci gaba da aiki bayan baƙi sun tafi. Darussan wannan lokaci na cikin abin da ya sa aka kafa wata cibiya a Amurka a 2010, wadda aikinta shi ne jawo hankalin masu bayarwa su riƙa ware kaso na dukiyarsu domin shekarun da ke biyo bayan bala'i.

Me ya kai ni wannan dogon zagaye? Ambaliya ta zama baƙuwarmu ta kusan kowace damina. A 2012 ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan 2 da muhallansu a Nijeriya, har gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin tara gudummawa a ƙarƙashin Alhaji Aliko Dangote da Olisa Agbakoba. A 2022 sama da mutum 600 suka rasu. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga Kasuwar Monday da asibitin koyarwa da fadar Shehu da unguwanni irin su Gwange, shekara 30 cif bayan irin wannan ambaliya ta 1994. A ƙarshen watan Mayun 2025 kuma Mokwa ta Jihar Neja ta ga nata tashin hankalin. A kowane karo mun ga attajirai da gidauniyoyi da bankuna da gwamnoni sun yi tururuwa, kowa ya sanar da adadinsa, kuma Allah Ya saka musu da alheri, domin mai jin yunwa abinci yake buƙata a ranar. Tambayata gare su ita ce: wa zai kasance a Gwange a shekara ta biyar? Wa zai biya lauyan da zai taimaki matar da mijinta ya rasu, takardar filinsu kuma ta bi ruwa? Wa ke ƙirga 'yan kasuwar da suka koma rumfunansu da waɗanda suka koma zaman kashe wando?

Shawarata ga masu gidauniyoyinmu guda huɗu ce. Ta farko, duk wanda zai ba da gudummawa ya raba ta biyu, kaso ɗaya na yau, kaso ɗaya ya shiga asusun haɗin gwiwa da za a kashe cikin shekara biyar ko fiye. Ta biyu, a damƙa asusun ga amintattun 'yan gari, malamai da 'yan kasuwa da mata da masu unguwanni da ƙwararru, su riƙa buga lissafin shiga da fita kowa ya gani. Ta uku, kafin a aza tubali ko ɗaya a bi mutane har sansanoninsu da gidajen 'yan'uwan da suka rakuɓe a ji ta bakinsu, kuma a yi zaman da Kanuri da Hausa da Shuwa da Nufanci, gwargwadon wurin, domin taron da aka yi da Turanci a otal ya riga ya zaɓi waɗanda za su yi magana tun kafin a buɗe shi da addu'a. Ta huɗu, a yarda a kashe kuɗi a kan ayyukan da ba a liƙa musu allon suna, irin su ƙidaya da takardun filaye da yashe magudanan ruwa da jarin masu ƙananan sana'o'i.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama baƙo a gare mu. Addininmu ya san waƙafi da sadaka mai gudana, wadda ladarta ke ci gaba muddin ana amfana da ita, al'adarmu kuma ta san gayya da adashi. Abin da ya rage shi ne manyanmu su yarda sunansu ya zama ɗaya daga cikin ashirin a kan takarda guda, su kuma haƙura da cewa ranar da aikin zai nuna, wataƙila babu ɗan jarida ko ɗaya a wurin. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya kuma ba masu hali ikon yin abin da zai ɗore.